Tarihin Magani da Tsadarsa a Birnin Kano

Cikin ayyukan da En'e ta Kano ta bari, mutane sun fi tunawa da ruwan famfo da wutar lantarki da aka buɗe a 1931, da makarantu, da kotuna. Ba safai a kan ambaci ɗakin shan magani ba. Amma duk wanda ya bi labarinsa tun daga tushe zai ga abu guda yana ta komowa. Maganin da ke warkar da Bakano daga hayin teku ya ke zuwa, can kuma a ke yanka masa kuɗi. Talaka bai taɓa samunsa da sauƙi ba sai lokacin da wata taska ta jama'a ta shiga tsakaninsa da mai sayarwa.

Kafin zuwan Turawa a 1903, wanda ya ke neman magani Kasuwar Kurmi ya ke dosa, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Can zai tarad da masu saiwoyi da sassaƙe, ga maɗaci, ga sabara, ga tazargade, ga kanwa daga wajen Barno, ga kuma kanumfari da hulba a hannun 'yan koli. Wanzami na yin ƙaho, maɗori na ɗora karaya, ungozoma na karɓar haihuwa, malami na ba da rubutu. Kuɗin duk wannan bai taka kara ya karya ba. A kan ba da ɗan kafin alƙalami, sauran sai in an ga sauƙi. Araha kam akwai ta, sai dai in agana ta shigo gari, ko sanƙarau ya zo da bazara, babu abin da ke cikin Kurmi da zai tare su. Da marisuwa ta zo a 1918, mai kuɗi da matsiyaci hanya ɗaya suka bi.

Da aka kafa Baitulmali, haraji da jangali suka riƙa shiga taska guda, En'e ta sami abin yin aiki. Cikin shekarun farko na sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau a 1926, aka buɗe Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, watau wanda yanzu a ke kira da sunan Murtala Muhammad. A 1932 aka kafa makarantar tsabta a Kano inda a ke koyar da duba-gari, a Zariya kuma a na horar da malaman da za su riƙe ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Da fari mutane gudun asibiti su ke yi, suna cewa wanda ya shiga ba ya fitowa da ƙafarsa. Allura ce ta karya wannan tsoro, gama an ga masu tunjere sun warke bayan an yi musu 'yan allurai, labari ya bazu.

Abin da ke cikin ɗakin malamin asibiti ba shi da yawa: kwinin na zazzaɓi, da maganin wankin ciki, da aidin, da man ƙazuwa, da bandeji na ɗaurin gyambo, da manyan kwalabe na ruwan magani wanda a ke tsiyaya wa kowa cikin 'yar kwalbar da ya zo da ita. Amma ku lura da abu guda. Kuɗin waɗannan kaya daga Baitulmali ya fito, watau mai lafiya ne ya biya wa marar lafiya tun ranar da ya ba da harajinsa. Kada dai mu yi wa zamanin nan ado fiye da kima. Likitoci 'yan ƙalilan ne, ƙauyawa da yawa sai sun yi tafiyar yini kafin su isa ɗakin magani, harajin kansa kuwa ya kori mutane da dama daga gidajensu.

Yaƙin Hitila shi ya fara nuna cewa igiyar maganinmu tana hannun wasu. Kusan dukan kwinin na duniya daga tsibirin Jaba ya ke fitowa, ƙarƙashin mulkin mutanen Holan. Da Jafan ta ci tsibirin a 1942, sai kwinin ya yi ƙafa, ɗan abin da ya rage aka keɓe shi domin sojoji, aka koma ga wata ƙwaya, mefakirin, wadda ta kan mai da fatar mai shanta rawaya. Ga shi Bakano bai san inda Jaba ta ke ba, amma faɗuwarta ta iso har shimfiɗar ɗansa. Cikin waɗannan shekaru kuma aka sami ƙwayar M&B 693, wadda kamfanin May & Baker na Ingila ya fitar a 1938. Ita ce ta fara kwance wuyan masu sanƙarau, bayan yaƙi kuma fenisilin ya biyo. Da mutane suka ga aikinsu, sai suka shiga nemansu ko ta halin ƙaƙa, magani ya fara zurarewa daga asibiti zuwa faifan ɗan koli.

An yi Jihar Kano a 1967, aka yi ta zare ayyuka daga hannun En'e ɗaya bayan ɗaya, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafinta. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, suna da gaskiya kuwa. Sai dai daga nan taskar magani ta fi dogara ga kuɗin man fetur. Muddin mai yana da daraja, asibiti na ba da magani. Da darajarsa ta faɗi a farkon shekarun 1980, sai kantocin asibiti suka zama wayam. Ko Sani Abacha, ɗan Kano, da ya ke shelar juyin mulki ran 31 ga Disamba 1983, cikin dalilan da ya kawo har da cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani. A 1986 aka karya darajar naira. Dala ɗaya da ba ta kai naira guda ba a 1985, kafin ƙarshen 1987 ta kai wajen naira huɗu, magani kuwa da dala a ke sayo shi.

Masana ba su zauna ba. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magunguna kimanin ɗari biyu waɗanda ta ce kowace ƙasa ta tabbata ba su yanke ba, Nijeriya ta yi dokar nata jerin a 1989, zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka shirya asusu mai juyawa: a zuba wa asibiti jari, ya sayar da magani da 'yar riba, ya sake sayo wani. Dabarar ta sa magani ya komo kan kanta a wurare da yawa. Amma ma'anarta a fili ta ke, an sauke kayan daga kan taska an aza wa majinyaci.

To, inda asibiti ya gaza, kasuwa ta karɓa. Sabon Gari ta zama babbar matattarar magani, 'yan sari na zuwa daga jihohin Arewa, har daga Nijar da Cadi. Komi a na samu, na kirki da na jabu suna kwance tare cikin zafin rumfa. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen kwalin magani, sai dai mai kemis ya yanka masa ƙwaya huɗu cikin goma sha biyar da likita ya rubuta, ya sha, ya ji dama dama, cutar ta kwanta ta sake tashi da ƙarfi. Mu da ke rubuta ƙararraki a kotu mun san sauran labarin, gama sau da yawa in aka bi asalin bashin da ya raba 'yan'uwa, ko jinginar gonar da ta ƙi fansuwa, sai a tarar takardar likita ce mafarinsa. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da guba. Bayan wannan aka kafa hukumar NAFDAC da dokar 1993, ba ta kuwa yi haƙora sosai ba sai da Dora Akunyili ta karɓe ta a 2001.

Shekarar 1996 ba ta mantuwa a Kano. Sanƙarau ya kashe mutum fiye da dubu goma sha ɗaya a Nijeriya. A Asibitin Zana, inda iyaye ke jibge da 'ya'yansu, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani sananne, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Uban da ba shi da ko sisi, ga ɗansa wuya a sandare, ba ya tsayawa tambayar mai ba da magani kyauta daga ina ya fito. Tabon wannan al'amari yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004.

Zazzaɓin cizon sauro ma ya ƙara tsada. Kulorokwin mai araha ya daina aiki, a 2005 Nijeriya ta koma ga haɗin magani da a ke samu daga wani tsiro na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargaden nan namu na Kurmi. A 2023 aka sake sakin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin GSK ya daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, kuɗin maganin asma da na sukari da na hawan jini ya ninka, waɗansu fiye da sau ɗaya. Cikin watan Fabrairu na 2024 hukuma ta rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye, aka ce 'yan sari su koma sabuwar kasuwar Dangwauro a kan hanyar Zariya, inda za a iya sa ido a kan kaya. A watan Yuni na shekarar Gwamnatin Tarayya ta ɗage kuɗin fito a kan kayan haɗa magani. Jihar Kano kuma ta kafa asusun taimakekeniya na lafiya, inda a ke cire wani abu daga albashin ma'aikaci kowane wata, in ciwo ya zo a biya masa mafi yawan kuɗin magani. Ɗan dako da mai tura ruwa da mai awo a Dawanau ba su da albashin da za a cira, mafi yawansu har yanzu daga aljihu su ke biya, ƙwaya ƙwaya.