Wa Ke Tambayar Ango? Tarihin Kamun Kan Namiji A Ƙagaggun Labaran Hausa

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na Hausa ya san cewa akwai babin da marubuci ba ya tsallakewa, wato babin daren farko. A nan ne ango zai gane ko ya samu amaryarsa yadda ake fata, ya yi ta sa mata albarka har da kyautar mota, ko kuma ya tashi da asuba ya rubuta takarda. To amma shi angon fa? A wane hali ya zo? Wannan tambayar ba a cika yin ta ba, kuma idan aka yi ta dariya ake yi. Na ga ya dace mu bi sawun al'amarin tun daga farkon rubutun zube, domin kuwa jarumin labaran Hausa ya sauya kama fiye da sau ɗaya, kuma irin wanda ake yayi a yau baƙo ne idan aka duba tarihi.

Mu fara da harshen kansa. Bahaushe yana da budurwa da budurci, kalmomin da ke nuni ga shekaru da kuma tsarkin jiki a lokaci guda. Idan aka koma ɓangaren namiji sai a tarar da saurayi da samartaka, waɗanda shekaru kawai suke nunawa. Akwai tuzuru, akwai gwauro, amma duk na tsokana ne ga wanda ba shi da mata, har ma a Kano ana yi wa gwauraye tashe na musamman a watan azumi ƙarƙashin Nalako. Kalma guda ta yabo ga namijin da ya kai aure bai taɓa sanin mace ba, wannan kam sai an haɗa jimla. Abin mamaki shi ne littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu ba su da wannan giɓi, domin kalmar bikru ta Larabci tana hawa kan namiji kamar yadda take hawa kan mace, kuma a Suratun Nur maza aka fara umarta da runtse ido da tsare farji kafin a juyo kan mata. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda kowane ɗan makarantar allo ya sani, labari ne na saurayin da aka rufe wa ƙofa ya zaɓi kurkuku a kan ya ba da kai.

A al'adar ƙasar Zamfara ma, da wasu abubuwa daban ake auna mazantaka. Ana auna ta da yawan damman da mutum ya noma, da dambe da kokawa da farauta, Fulani kuma da sharo. A Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, tsofaffi suna ba da labarin bikin da samari ke hawa dutse su kamo maiki da hannu. Babu makaɗin da ya taɓa wasa namiji da yawan matan da ya lalata. Haka nan tsarance, wanda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a littafin da ya fito a 1954, yana da iyakar da ake sa ran saurayi ba zai ƙetare ba, duk da cewa idan ɓarna ta auku yarinyar ce ke ɗaukar abin kunya.

Jaruman farko

Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da littattafan nan biyar da muka sani. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da wayo da tafiye-tafiye ya yi suna, Ganɗoki da takobi, Shaihu Umar da ilimi da haƙuri. Ba a gina darajar ko ɗayansu a kan sanin mata ba. Wanda ya taɓo soyayya sosai shi ne Jiki Magayi na John Tafida da East, kuma a nan aka fara aza tubalin da za a daɗe ana gini a kansa: ga saurayi Abubakar mai son Zainabu da gaskiya, ga attajiri Malam Shehu da ya sa dukiya ya ƙwace ta. Tun daga wannan lokaci mai karatu ya san inda zai ajiye tausayinsa.

Littattafan da suka biyo baya ba su kauce ba. Salihi na Nagari Na Kowa, wanda Jabiru Abdullahi ya rubuta, sunansa ma ya faɗi halinsa. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, bariki da abin da ke cikinta su ne ramin da ɗan ƙauye ya faɗa. A Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito daga gasar 1982, Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne, kuma holewarsa da mata ɗaya ce daga cikin alamomin ruɓewarsa. Wato har zuwa wannan lokaci, idan marubuci yana son ya nuna maka mugu sai ya rataya masa neman mata.

Zamanin soyayya

A 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda mu mutanen Gusau muke alfahari da ita saboda zaman da ta yi a cikinmu. Labarin Boɗaɗo da Yasir ya buɗe ƙofa, sai ga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, sai ga ambaliyar da Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Littattafan nan suna barin Kano a cikin kwalaye, su biyo ta Funtuwa da Tsafe su sauka Gusau, daga nan su wuce Bunguɗu da sauran garuruwan hanyar Sakkwato, masu shagunan haya su raba su gida-gida ta hannun yara 'yan aike.

To wane irin saurayi ne waɗannan littattafai suka kai wa 'yan matanmu? Ku tuna Muhammad na In Da So Da Ƙauna, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar a 1991. Talaka ne mai kunya, makaminsa wasiƙa da daɗin baki, kuma Sumayya ta fifita shi a kan Abdulƙadir mai kuɗi har ta faɗa rijiya. Ba a tsaya ana shelar cewa Muhammad bai san mace ba, domin ba a ma zaci akasin haka ba. Zance a zaure ne ko a dakalin ƙofar gida, da ƙanwa a gefe tana gadi. Wanda ya goge da mata a wancan zamani shi ne Alhaji mai tumbi, kuma babu wadda ta yi masa tonon silili irin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A Budurwar Zuciya na 1987 ta nuna mai auri-saki, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 kuma ta nuna Alhaji Abdu da ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta saboda macen bariki, ƙarshe alhaki ya biyo shi har gida.

Sai dai ko a wancan lokacin ma'aunin bai daidaita ba. Alhajin da ya yi ɓarna yakan yi nadama a babin ƙarshe, uwargida ta yafe, a rufe littafi da addu'a. Yarinyar da ta yi kuskure sau ɗaya kuwa, ko da fyaɗe aka yi mata, sai ta bi ta cikin shege da korar gida da yawon duniya kafin marubuci ya sassauta mata, in ma ya sassauta. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya fito a 2003, yana cikin ƙalilan da suka tsaya suka dubi mazan da ke tura mace wannan hanya da waɗanda ke biyan kuɗin zamanta a can.

Abin da ya faru a Tsafe

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta takarda ce kawai. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. A watan Satumba na wannan shekarar wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da ba ta kai shekara 18 ba hukuncin bulala 100 saboda an same ta da ciki ba aure. Ta ambaci maza uku, dukkansu suka musanta, kuma da yake babu shaidu huɗu sai aka sallame su, ita kuma aka ƙara mata bulala 80 na ƙazafi. Daga baya an janye tamanin ɗin, aka zartar da ɗarin ranar 19 ga Janairu 2001 bayan ta haihu. Labarin ya zaga duniya, daga Kanada har Ingila.

Haddin da Alƙur'ani ya ajiye ɗaya ne ga namiji da mace, wannan babu jayayya. Amma a mazhabar Malikiyya cikin macen da ba ta da miji hujja ne, shi kuwa namiji jikinsa ba ya ba da shaida. Ciki ba ya yin kansa, kowa ya san akwai namiji a cikin wannan labari, kuma ya ci gaba da shiga kasuwa da masallaci ba tare da tabo ba. Wurin da kotu ba za ta iya shiga ba saboda ƙa'idar shaida, alƙalamin marubuci yana iya shiga, domin shi marubuci ya san abin da kowane ɗan wasansa ya aikata a ɓoye. Shi ya sa abin da muke yi da wannan namijin a cikin labari yake da nauyi.

Yadda mugu ya koma jarumi

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 sai jarumi ya fara yin kuɗi. Talaka mai wasiƙa ya ja baya, aka shigo da ɗan attajiri, likita ko soja ko matuƙin jirgi, wanda ya yi karatu a Ingila ko Amurka. Tasirin littattafan Mills & Boon da 'yan makarantun kwana suka sha karantawa a fili yake a nan, domin tsohon salonsu ke nan: namiji babba, miskili, wanda ya ga jiya ya ga yau, da yarinya ƙarama da ba ta san komai ba. Sannu a hankali halayen da a da ake rataya wa Alhaji mugu suka dawo wuyan jarumi, aka canza musu suna zuwa wayewa.

A 2007 an ƙona littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar tace finafinai kuma ta matsa wa marubuta lamba. Duk hayaniyar da aka yi a lokacin a kan tarbiyyar 'yan mata aka yi ta, ba a ji mai tambayar wane darasi samari ke ɗauka ba. Bayan 'yan shekaru kasuwar bugawa ta durƙushe, rubutu ya koma cikin waya, a Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda babu mai tacewa kuma mai karatu ke biya kai tsaye. A nan sabon jarumi ya gama girma. Yana shan giya, yana da 'yan mata a Abuja da Dubai, sai a aura masa 'yar talakawa mai hijabi, ya gallaza mata, daren da ya gane cewa ita budurwa ce sai ya shiryu. Budurcinta ya zama sabulun wanke zunubinsa, nasa kuwa ba a ma kawo zancen ba.

Idan kuma aka ce jarumi bai taɓa sanin mace ba, sai an nemo masa dalili kamar mai ciwo. Ko dai aljana ta aure shi, ko an yi masa asiri, ko wata ta yaudare shi ya tsani mata, ko kuma a mayar da shi ustazu bagidaje wanda abokai ke yi wa dariya. Turawa ma sun daɗe da wannan hali. Tun 1742 Henry Fielding ya rubuta Joseph Andrews, inda ya mayar da kamun kan saurayi abin raha don ya tsokani littafin Pamela na Samuel Richardson, wanda ya fito a 1740 yana yabon budurwar da ta tsare kanta. Su can suna da dalilansu na tarihi. Mu da muka tashi da ƙissar Annabi Yusuf, aro muka yi.

Illar wannan hoto ta kasu biyu. Yarinyar da ta karanta irin labarin nan sau hamsin za ta shiga gidan manemin mata da yaƙinin cewa haƙurinta zai gyara shi kamar yadda ya faru a littafi, alhali abin da yakan biyo baya shi ne kuka, wani lokaci har da cutar da ba ta warkewa, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya tun 1986. Shi kuma yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada ko Sabon Gari, wanda yake ta kokawa da zuciyarsa, sai ya fahimci cewa abin da yake tsarewa abin kunya ne, har ya riƙa ƙirƙiro ƙaryar abin da bai aikata ba don kada a kira shi lusari a majalisa.

Ba ina cewa a daina rubuta mazinaci ba ne, domin yana nan a cikin al'umma, kuma labarin da babu mai laifi ba ya karantuwa. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne magabatanmu a wannan sana'a sun rubuta shi, amma sun sa ya biya farashi. Sannan sun rubuta saurayi lafiyayye mai jini a jika, wanda yake so kuma yake sha'awa, ya danne saboda tsoron Allah da ganin mutuncin 'yar mutane, kuma littattafansu sun yi kasuwa har an yi ta sake buga su. Irin waɗannan samari suna nan da yawa a garuruwanmu, a gona da gareji da bakin kasuwa, suna tara kuɗin lefe da kyar. Kokawar da ɗayansu ke yi da ransa daga shekara 18 zuwa 30 ta isa ta cika littafi mai kashi uku.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana marubuta, maza da mata, duk wanda ya zo rubuta babin daren farko ya juya ya yi wa angon tambayar da ake yi wa amarya. Ku kuma masu karatu, ku ne masu biya, abin da kuka nema shi za a rubuta muku. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace. Wassalam.