RAMUKA UKU: ABIN DA NA GANI A RAMIN OJUKWU DA KE UMUAHIA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Waɗanda suka san ni sun san ina karatun digiri na biyu a jami'ar aikin gona da ke Umudike, a gefen Umuahia, babban birnin Jihar Abiya. Bincikena a kan rogo ne, ni ba ɗalibin tarihi ba ne. Abin da ya kai ni ga tarihi gardama ce a hostal.

Ranar 15 ga Janairu na ɗora hoton Sardauna a WhatsApp kamar yadda na saba duk shekara, na rubuta addu'a a ƙasa. Abokin ɗakina, Ibo ne mutumin kirki, wanda ko da azumi shi ke tashina sahur, ya gani ya ce: “Allah Ya ji ƙansa. To amma ka san abin da ya faru bayan nan?” Na ce na sani mana, an yi yaƙin basasa. Ya ce tsakanin kisan da yaƙin fa? Nan na fara kame-kame. Ni ma na juya na ce ya faɗa mini sunayen hafsoshin Arewa da aka kashe a daren, ya kasa kawo ko ɗaya. Muka yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Kusan mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi ne ya kawo shawarar mu je mu ga ramin Ojukwu, tunda ga shi a bakin ƙofarmu. Mu biyar muka haɗa kuɗi, muka ɗauki wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ke yi wa baƙi jagora a kan kuɗi, ya zagaya da mu mu kaɗai ran wata Asabar. Da ya ji sunana sai ya dube ni ya ce da Hausa garau: “Ɗana, daga wane gari?” Na ce Haɗeja, Baba. Ya ce shi a Gusau aka haife shi, yana ɗan shekara 9 suka baro. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na san abin da wannan lissafin yake nufi.

Bari in jero tarihin a taƙaice, don yawancinmu mun yi makaranta ne a lokacin da aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare.

Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu manjoji, cikinsu har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu, suka yi juyin mulki. Aka kashe Sardauna Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Akintola, da ministan kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ɗan Umuahia ne, ya karɓi mulki. A watan Mayu ya fitar da Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi a Badun, Gowon ya hau. A watan Satumba da Oktoba aka yi wa mutanen Gabas mazauna Arewa kisa mai muni. Masana sun saɓa a kan adadin, daga wajen 8,000 har zuwa 30,000, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka gudu gida. An kashe 'yan Arewa ma a wasu garuruwan Gabas da sunan ramuwa. Aka zauna sulhu a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967, bai ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya ayyana Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Kun ga inda matsalata da abokin ɗakina take. Ni an koya mini sakin layin nan daga farko zuwa tsakiya, shi an koya masa daga tsakiya zuwa ƙarshe. Kowa ya haddace ranar da aka zalunci nasa.

Inugu, hedikwatar Biyafara, ta faɗa hannun sojojin tarayya a farkon Oktoban 1967, shi ya sa gwamnatin ta dawo Umuahia. Jiragen yaƙin tarayya kuma suna ta ruwan bama-bamai. Wannan ne dalilin haƙa ramin a 1968, a harabar gidan da ya zama fadar gwamnatinsu, cikin unguwar manya. Baba ya ce zurfinsa ya kusa ƙafa 27, wajen mita 8 ke nan, kuma injiniyoyin yankin ne suka gama shi cikin kwana 90 ana tsakiyar yaƙi.

Daga sama ba za ka ce akwai wani abu a ƙasa ba. Matakala ce ta siminti ke gangarawa, kana sauka iska tana canzawa, sanyi-sanyi da warin danshi, ƙarar keke napep ɗin titi tana ɓacewa har ka daina jin komai sai takunka. Lungunan matsattsu ne, sai dai a bi layi ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mana ɗakin taro, da ɗakunan zama, da madafa, da banɗaki, da bututun da iska ke shigowa, da hanyoyin tserewa idan an toshe babbar ƙofa. A bango akwai hotunan lokacin yaƙin. Gaskiya aiki ne na masu ilimi, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Wata 'yar ajinmu ta fara ɗaukar hoto tana cewa abin alfahari ne.

Baba ya bari ta gama, sannan ya ce mu ƙirga da idonmu, mutum nawa wurin nan zai ɗauka? Muka ce 'yan gomomi, in an matsu. Ya ce: “To mu miliyoyi ne a sama.”

Sai ya ba mu labarin rami na biyu, wato nasu. Ya ce a ƙauyensu kowane gida akwai rami a bayan ɗaki, zurfinsa bai wuce ƙirjin babba ba, an rufe shi da kututturen kwakwar manja da ganye. Da an ji ƙugin jirgi sai uwa ta kwashi yara a faɗa ciki, ko da ruwa ya cika shi. Kasuwanni suka koma cikin daji ƙarƙashin bishiyoyi, ana ci da asuba a watse kafin rana ta ɗaga. Amma ya ce jirgi bai kashe ko kaɗan daga abin da yunwa ta kashe ba. Tun da Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968 aka rufe su ta ruwa da ta ƙasa. Gishiri ya zama kamar zinariya. Sun ci ɓera, sun ci ƙadangare, sun ci ganyen da ba su san sunansa ba. Ƙanwarsa ta rasu tana shekara 4, ciki ya kumbura, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja.

Nan karatuna ya dawo mini. Rogo yana cika ciki, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Kafin yaƙi yankin yana samun wannan sinadarin ne daga shanu da waken da ke zuwa daga Arewa, da busasshen kifin da ake shigowa da shi daga Norway. Da aka rufe hanya sai rogo ya rage shi kaɗai, cutar kwashoko ta kama ƙananan yara. Abin da nake aunawa a ɗakin gwaje-gwaje kullum, ashe shi ne ya kashe ƙanwar mutumin da ke tsaye a gabana. Agajin da ya riƙe sauran ta filin jirgin Uli yake shigowa, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa, jiragen ƙungiyoyin coci suna sauka da dare cikin duhu. Yawancin ƙiyasi ya sa mamatan yaƙin sama da miliyan ɗaya, akasarinsu farar hula, akasarinsu da yunwa.

Na tambaye shi yadda suka fita daga Gusau. Ya ce maƙwabcinsu, wani mahauci, shi ya shigar da su ɗakin matarsa kwana uku, don ya san ba mai ƙetare zauren gidan matan aure. Ya kuma ce waɗanda suka ƙona shagon babansa su ma 'yan layin ne, ya san fuskokinsu. Ya faɗi duka biyun da murya ɗaya, bai ɗaga ɗaya sama da ɗaya ba.

Akwai abin da na riƙe a ciki tun muna mota: kakana na wajen uwa sojan tarayya ne. Daga gona aka ɗauke shi a 1967, bai taɓa ƙetare Kano ba kafin nan. Na yi ta shawara da zuciyata ko in faɗa ko in yi shiru. Muna cikin rami, ni kaɗai ne Bahaushe. Amma na ga mutum ya buɗe mini cikinsa, in na ɓoye nawa na ci amanarsa. Sai na ce: “Baba, kakana ya yi yaƙin nan, a ɓangaren tarayya.” Wurin ya yi tsit. Abokin ɗakina ya sunkuyar da kai, don shi ma ban taɓa gaya masa ba.

Baba ya ce: “Ya dawo?” Na ce ya dawo, da ɗingishi. Ya ce me yake ba ku labari? Na ce ba ya son maganar. Abu ɗaya nake tunawa, in damina ta yi ƙarfi yakan ce ruwan nan wasa ne, shi ya kwana watanni a rami ruwa har gwiwa, fatar ƙafarsa tana saɓulewa. Baba ya gyaɗa kai ya ce: “To shi ma irin raminmu ya samu.” Wannan ne rami na uku.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce laifi ɗaya ne a kan kowa ba, kuma ban ce manya ba su ɗanɗana ba. Babangida ma an harbe shi a Uzuakoli, nan kusa, a Afrilun 1969. Amma ku duba ƙarshen labarin. Umuahia ta faɗi ranar 22 ga Afrilu 1969, wato ramin da aka sha wahalar ginawa ko shekara bai cika yana aiki ba. A Janairun 1970 Ojukwu ya hau jirgi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya, aka rufe yaƙin a Barikin Dodan da ke Legas ranar 15 ga Janairu, shekara huɗu cif da daren da aka kashe Sardauna. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa, ya dawo gida har ya shiga jam'iyyar NPN. Ya rasu a 2011, aka binne shi da faretin soja. Manya sun shirya, sun ci abinci tare. Ƙanwar Baba ko kabarinta ba a san inda yake ba, kakana kuma ya mutu yana bin haƙƙinsa na fansho.

Wani abin da ban sani ba sai ranar: a Zungeru aka haifi Ojukwu a 1933, shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano lokacin juyin mulkin Janairu kuma bai bi su Nzeogwu ba, sannan a zamanin gwamnansa ne Sarkin Kano Ado Bayero ya zama uban jami'ar Nsukka. Tarihin ya fi yadda muke yanka shi a Facebook sarƙaƙiya.

Daga nan muka wuce gidan tarihin yaƙi na ƙasa, wanda aka kafa a 1985 a wurin da Muryar Biyafara take watsa shirye-shirye daga wani ramin. Mun ga bam ɗin Ogbunigwe da suka ƙera da hannunsu, da motocin sulke da aka haɗa daga tarkacen ƙarafa, da jirgin ruwan yaƙi, da jiragen sama na ɓangarorin biyu suna zaune kusa da juna suna tsatsa. Amma hankalina yana can wajen tambayar Baba.

Abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu shi ne, kullum ina ganin sa'annina, namu da nasu, suna rubuta “a raba kawai”, “in yaƙi ne mun shirya”, suna zagin ƙabila guda saboda abin da wani ya yi. Mai wannan magana ya je ya sauka matakalar nan ya ƙirga ɗakunan, sannan ya tambayi kansa ko da sunansa a cikin waɗanda za a buɗe wa ƙofa. Ni dai na san ajina. Ɗan manomi ne ni, mai karatu da kuɗin aro. In abu ya ɓaci, raminmu ni da abokin ɗakina iri ɗaya ne, wanda ruwa ke cikawa.

Da muka koma hostal ya ce in rubuta masa sunayen hafsoshin nan, na rubuta. Ni ma na ce ya ba ni labarin kakarsa da ta yi gudun hijira daga Jos, muka kai ƙarfe biyu na dare. Har yanzu akwai abubuwan da ba mu yarda da juna a kai ba, musamman batun Aburi. Baɗi in Allah Ya kai mu zan sake ɗora hoton Sardauna, ba abin da zai hana ni, amma addu'ar za ta fi ta bana faɗi.

Duk ɗan Arewa da ke karatu ko bautar ƙasa a wannan yanki, don Allah ya ware Asabar ɗaya ya je. Ya nemi dattijon da ya ga abin da idonsa, don suna ƙarewa. In kuma akwai tsohon soja a gidanku da ya rage, ku zauna da shi tun yana da rai. Ni na yi sake nawa ya tafi da labarinsa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.