Yadda ake mayar da ɗakin aiki na gida wurin naɗar podkas

Podkas shiri ne na murya da ake naɗa a ɗora a intanet, mai sauraro ya sauke shi a wayarsa ya ji lokacin da ya ga dama. Kalmar ta fito a 2004, daga haɗa sunan na'urar iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A nan Nijar, Studio Kalangou da ke Yamai, wanda ya soma aiki a 2016, yana ajiye shirye-shiryensa na Hausa a intanet. To amma malami, ɗan jarida ko ɗan kasuwa ma yana iya yin nasa a ɗakin da yake aikinsa na kullum.

Ɗaki kafin kaya

Abin da ya fi ɓata sauti ɗaki ne, ba makirofo ba. Bangon siminti, daɓen tayil da rufin kwano suna maido da murya, sai a ji kamar mutum na magana a cikin rijiya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi daɗin naɗi. In na siminti gare ka, shimfiɗa darduma, ka rataya barguna ko labule mai kauri, ka jingina katifa a bangon da ke bayanka. Kantar littattafai ma tana taimakawa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare ƙarar waje ko kaɗan.

A zaɓi ɗakin da ke nesa da titi, injin niƙa da janareta. Kada a aje tebur a tsakiyar ɗaki ko a cusa shi cikin kusurwa.

Kayan aiki

Makirofo iri biyu ne suka fi yawa. Wanda ake kira kondansa yana kwasar komi, har kukan akuya da ƙarar kabu-kabu. Dinamik kuwa ya fi kama abin da ke kusa da shi, shi ya sa ya fi dacewa da gida mai jama'a. A bar tazarar kamar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da baki, a ɗan karkata shi don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. A sa abin sauraro a kunne yayin naɗi. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma ta isa gyaran murya. Wanda ba shi da kwamfuta, wayarsa ma ta wadatar, amma ya rufe layin kira tukuna.

Wuta, zafi da ƙura

In ana jin gurnani a ƙarƙashin murya, sau da yawa daga caja yake. A cire ta a yi aiki da batir, hakan kuma yana kare shiri in an ɗauke wuta. Dole a kashe fanka lokacin naɗi, don haka a watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, gara a yi da sassafe ko da dare. Da hunturu a rufe kaya da ƙyalle saboda ƙura.

Kafin a watsa

A fitar da shirin a tsarin MP3. Minti 30 na magana a kan kilobit 64 bai kai megabait 15 ba, ya fi sauƙin turawa ta WhatsApp. A nemi yardar baƙo kafin a naɗe shi, kada a sa waƙar wani ba izini, hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa. Sannan dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka faɗe shi.