Gidan Haihuwar Shekispiya: Tsakanin Riwaya da Abin da Ya Tabbata

Ya ɗan'uwa mai karatu, a garin Stratford da ke bakin kogin Avon a tsakiyar ƙasar Ingila akwai wani tsohon gida a kan titin Henley, ginin katako da yaɓen laka, wanda jama'a ke zuwa gani daga ko'ina a duniya. A nan ne Wiliyam Shekispiya ya tashi, wato marubucin wasannin kwaikwayo da da yawa daga cikinmu muka fara haɗuwa da shi a ajin sakandare. Wanda duk ya shiga gidan, yana da kyau ya riƙe tambaya guda: me ya tabbata, me kuma aka ruwaito kawai?

Mu fara da abin da takardu suka tabbatar. Mahaifinsa, John, mai sana'ar ɗinkin safar hannu ne na fata, yana kuma fataucin ulu. A shekarar 1552 an ci shi tarar sule ɗaya saboda tara juji a titin Henley, kuma wannan tarar ce hujja ta farko da ke nuna zamansa a unguwar. A 1568 ya hau muƙami mafi girma a majalisar garin, kwatankwacin magajin gari. Littafin cocin garin ya nuna an yi wa Wiliyam baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564. Amma ranar haihuwarsa, da ake cewa 23 ga Afrilu, ƙiyasi ne. Haka ɗakin da ke bene wanda ake nuna wa baƙi a matsayin ɗakin haihuwa: al'ada ce ta ayyana shi, babu takardar zamaninsa da ta ambace shi.

Da John ya rasu a 1601, Wiliyam ya gaji gidan. Sai aka ba da hayar wani sashe ya zama masaukin baƙi, 'yar'uwarsa Joan kuma ta zauna a ɗaya sashen har rasuwarta a 1646. Zuriyarta ta riƙe gidan har zuwa 1806, sannan aka sayar wa wani mahauci.

Tun kafin wannan cinikin maziyarta sun fara kwararowa, musamman bayan bikin da ɗan wasa David Garrick ya shirya a garin a 1769. Sai dai ƙaunarsu ta zo da ɓarna. A 1786 John Adams da Thomas Jefferson, waɗanda daga baya kowannensu ya shugabanci Amurka, sun ziyarci gidan, kuma Adams ya rubuta cewa sun ɓantari ɗan guntun katako daga wata kujera da ake cewa ta marubucin ce, kamar yadda baƙi suka saba yi. Wasu kuma sun kankare sunayensu a gilashin taga, cikinsu har da marubuci Walter Scott. Gilashin na nan ana nuna shi.

A 1847 aka sa gidan a gwanjo. Labari ya bazu cewa Ba'amurken nan mai shirya nune-nune, P. T. Barnum, yana son ya saya ya kwashe shi zuwa ƙasarsu. Nan fa aka kafa kwamitocin tara kuɗi, Charles Dickens na cikin masu goyon baya, aka sayi gidan a kan fam 3,000. Daga 1857 zuwa 1864 aka yi masa babban gyara, aka mayar da fuskarsa bisa wani tsohon zane, aka kuma rushe gidajen da ke manne da shi don gudun gobara. Ke nan, abin da maziyarci ke gani a yau ya haɗa ginin asali da hasashen magina na ƙarni na 19.

Domin a gane darajar wannan ƙoƙari, a dubi makomar ɗaya gidan nasa a garin, mai suna New Place, wanda ya saya a 1597. An sāke gina shi a farkon ƙarni na 18, sannan ya faɗa hannun wani limamin coci, Francis Gastrell. Baƙi suka dame shi da zuwa ganin wata bishiya da ake cewa marubucin ne ya dasa, sai ya sare ta. A 1759, bayan saɓani da mahukuntan garin, ya rushe gidan baki ɗaya. A yau lambu ne a wurin.

Gidaje biyu, mutum ɗaya: fushin mai gida ya shafe guda, haɗin kan jama'a ya tsirar da guda. Duk da haka, ba katako ne ya adana Shekispiya ba. Bayan rasuwarsa a 1616, abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 suka buga a 1623. Goma sha takwas daga ciki, har da Macbeth, ba a taɓa buga su ba kafin lokacin. Ba don himmar mutanen nan biyu ba, da ƙila gidan titin Henley ya ƙare a matsayin shagon mahauci, babu mai waiwayarsa.

Don haka, ya mai karatu, idan ka samu zuwa, ka kalli gidan da idon basira: ka karɓi tabbatacce a matsayinsa, riwaya kuma a matsayinta. Allah ne mafi sani.