Zulu Sofola: Uwa a Gida, Uwa a Dandali

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Luggere ta Jimeta ya san yadda majami'u kan cika a makonnin da ke gabanin Kirsimeti. Da yamma za ka ji 'yan Zumuntar Mata suna bitar waƙoƙi, yara kuma suna koyon wasan haihuwar Almasihu, wannan makiyayi, wancan Sarki Hirudus. Galibi wata uwa ce ke tsara wasan, ta raba wa kowa abin da zai faɗa, ta ɗinka tufafin, in an tashi kuma ta koma ga tukunyarta. Da an kammala biki sai a manta da wasan, a manta da mai shi. A wannan ɗan rubutu za mu waiwayi tarihin wata mace da ta taso a irin wannan gida na ibada, amma nata wasannin suka kai ga ɗab'i, wato marigayiya Farfesa Zulu Sofola, mace ta farko a Nijeriya da aka buga wasan kwaikwayonta. Da Ingilishi ta yi rubutu, kuma daga ƙetaren Kwara ta fito, sai dai a Ilori ta ƙare aikinta, kuma abubuwan da suka dame ta su ne suke damun gidajenmu har yau.

Tasowarta da Karatunta

An haife ta ran 22 ga Yuni, 1935, a garin Issele-Uku da ke cikin Jihar Delta ta yanzu. Ta yi makarantar 'yan mata ta Baptis da ke Agbor, daga nan ta wuce Amurka, inda ta sami digirin farko a fannin Ingilishi a Jami'ar Virginia Union a 1959. Ta ƙara da digiri na biyu kan wasan kwaikwayo a Jami'ar Katolika ta birnin Washington a 1965. A can ƙasar ne ta haɗu da Adeyemi Sofola, Bayarabe, wanda daga baya ya zama farfesan nazarin zaman jama'a, suka yi aure.

Ta dawo gida a 1966, shekarar da aka yi juyin mulki har sau biyu. Shekara guda bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, ya kuma taɓa yankinsu na Asaba da mummunan tashin hankali. A wancan lokaci da ƙabila ke gudun ƙabila, ita 'yar Ibo tana Ibadan a ɗakin mijinta Bayarabe, tana koyarwa a jami'a, tana renon 'ya'ya. A nan ta sami digirinta na uku a 1977, kafin ta koma Jami'ar Ilori ta shugabanci sashen wasanni, ta kuma zama mace ta farko a Afirka da ta kai matsayin farfesa a wannan fanni.

Wasanninta

A 1971 aka buga wasanta The Disturbed Peace of Christmas, wanda ya shafi lokacin Kirsimeti. A 1972 aka buga Wedlock of the Gods, wanda ya fi sauran shahara. Labarin wata yarinya ce, Ogwoma, da iyayenta suka aurar wa wanda ba ta so domin su sami kuɗin jinyar ɗan'uwanta. Da mijin ya mutu, al'ada ta ɗora mata zaman makoki na wata uku, sannan ɗan'uwan mamacin ya gaje ta. Ita kuwa sai ta koma wa masoyinta na fari, Uloko, ta ɗauki ciki tun makokin bai ƙare ba. Uwar mijin, Odibei, ta yi mata asiri har ta sha guba. Uloko ya kashe tsohuwar, shi ma ya sha gubar.

Ɗalibin Hausa ba zai ji wannan labari baƙo ba. Auren dole da wahalar mace a gidan miji su ne jigon da ya cika adabinmu, tun daga Uwar Gulma har zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Abin lura a nan shi ne Sofola ba ta wanke kowa ba. Iyayen da suka mai da 'yarsu haja su suka fara ɓarna, masoyan da suka keta makoki suka ƙara, tsohuwar da ta ɗauki fansa ta cika. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sukar da Ta Sha

Wannan hali nata na raba laifi ya jawo mata suka. Da aka buga The Sweet Trap a 1977, inda wata matar ɗan boko ta bijire wa mijinta kan shirya liyafa, a ƙarshe kuma ta durƙusa ta ba shi haƙuri, wasu manazarta sun ce marubuciyar ta juya wa 'yan'uwanta mata baya. Amsarta ta fito fili a taron matan Afirka da aka yi a Nsukka a 1992. Ra'ayinta shi ne macen Afirka tana da nata iko tun kafin zuwan Turawa, mulkin mallaka da irin ilimin da ya kawo su suka rage mata shi. A ƙasarsu akwai sarautar Omu, macen da ke riƙe da kasuwa da al'amuran mata. Mu ma mun san Magajiya a Daura da Inna a Gobir, don haka maganarta tana da madafa a tarihinmu.

Duk da haka, ba ma ganin wannan amsa ta kashe bakin masu suka gaba ɗaya. Sarautar Omu ba ta hana a aurar da Ogwoma don kuɗin magani ba, kamar yadda Magajiya ba ta hana auren dole a ƙasar Hausa ba. Abin da za a yaba mata shi ne ta tsaya a cikin al'adar ta nuna inda take ciwo, da harshen da tsofaffi za su saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Gida da Hidima

Hidimarta ga jama'a a aji da dandali ta gudana. Ta yaye ɗalibai masu yawa a Ibadan da Ilori, ta rubuta wasanni kan fashi da makami da rikicin sarauta da zaman aure, domin mai kallo ya koma gida da abin tunani. Ta yi wannan duka tana uwar 'ya'ya biyar, tana kuma riƙe da addininta. Mijinta ya riga ta rasuwa da 'yan watanni kaɗan, ita kuma ta bi shi ran 5 ga Satumba, 1995, tana da shekara 60.

Kammalawa

Tarihin wasan kwaikwayon Hausa da muke koyarwa ya cika da sunayen maza, irin su Abubakar Tunau da Shu'aibu Maƙarfi. Alhali kuwa a majami'un Luggere, da makarantun Islamiyya na Yola a lokacin Mauludi, mata suna tsara wasanni da Hausa kowace shekara, ba mai adana su. Bambancin Zulu Sofola da waɗannan iyaye namu shi ne ta rubuta, an kuma buga. Muna kira ga ɗaliban wannan sashe da su je su zauna da su, su rubuta wasannin da sunayen masu su, tun kafin a sake tashi daga wani bikin a manta.