Masu Hoto A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba shi da hoto. Ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi shi a 1837, ita kuwa dabarar ɗaukar hoto ba a bayyana ta ga duniya ba sai 1839, a birnin Faris na ƙasar Faransa. Saboda haka dattijon nan mai rawani da ake yawo da shi a waya ana cewa Shehu ne, wani bawan Allah ne daban. Haka ma babu hoton ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, wanda gidan sarautar Tambuwal ya samo asali daga gare shi. Mun san iliminsa, mun san yaƙe-yaƙensa, amma fuskarsa ta tafi tare da waɗanda suka gan shi. Ko Bature Barth, da ya ratsa Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853, da alƙalami da fensir ya yi aikinsa. A wancan zamani wanda yake son a san kamanninsa bayan ransa, sai dai maroƙi ya siffanta shi ko marubuci ya ambace shi.

Kyamara ta samu gindin zama a ƙasar Sakkwato ne a bayan bindiga. Sojojin Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Littattafan tarihi sun kawo cewa an ɗauki hoton gawarsa, aka yi ta nunawa a garuruwan Arewa don a yanke ƙaunar masu cewa yana raye. Turawan sun san gani ya kori ji. Ɗaya daga cikin ayyukan farko da hoto ya yi a tsakaninmu ke nan: shaida a hannun mai mulki. Hotunan da suka biyo baya na shekarun En'e duk ɗabi'arsu guda. Joji ko Razdan a kujera, sarki da hakimai a gefe, dogarai a tsaye, talaka kuwa in ya shiga to ɗan dako ne ko mai riƙe da linzami.

Akwai dalilin da ya sa sana'ar ta makara a wajenmu. A bakin teku, ɗan Afirka ya riƙe kyamara tun da wuri. George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Legas a 1895, Jonathan Adagogo Green yana aiki a Bonny a wannan lokaci. Masu irin wannan sana'a dogo suka biyo zuwa Arewa, dogo kuwa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, a nan ya tsaya. Bai taɓa isowa Sakkwato ba. Mu sai da muka jira hanyar mota, wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega. Shi ya sa Tambuwal, da take bakin hanya, ta riga Kebbe ganin mai hoto, don ita Kebbe sai an bar babban titi an nausa ciki. Kafin nan, abin da mutane suka fara sabawa da shi hoton wasu ne: na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka soma bugawa a Zariya a 1939, da na majigi da ake kafawa a ƙofar fada bayan isha'i.

Tun da na bar aikin koyarwa na ɗauki wata al'ada. Duk gidan da na shiga gaisuwa a Tambuwal ko Dogon Daji ko Sanyinna, ko wajen dangin mahaifiyata a Kebbe da Kuchi, nakan roƙi a fito mini da tsofaffin hotuna. Mafi tsufa a kusan kowane gida ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, kai da kafaɗa: fasfo. Na tafiya Makka ne, ko na takardar makaranta, ko na neman aiki, ko na lasisin tuƙi. Malamai da dama a lokacin ba sa son hoto, suna kafa hujja da hadisan da suka yi magana a kan surori. Amma dattijon da ya ƙi kallon kyamara shekara sittin, ranar da kujerar Hajji ta samu sai ya gyara rawani ya zauna, don lalura ce. Da aka shigo da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, buƙatar fasfo ta ƙaru, yaran ƙauye suka fara jeruwa gaban mai hoto da kai sabon aski.

Wanda ya ɗauki waɗannan fasfo mai akwati ne. Tsofaffi sun ce yawancin na farko baƙi ne, Yarbawa da Ibo masu bin kasuwanni, daga baya yaran gari suka koya a hannunsu. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da gilashi a gaba, da hannun riga na baƙin ƙyalle a jikinsa. A cikin akwatin akwai takardar hoto da ƙananan kwanuka biyu na magani. Za a zaunar da kai a benci, a rataya baƙin zane a bango bayanka. Mai hoto ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Daga nan ya tura hannu cikin akwatin ya wanke takardar da lalube. Abin da zai fito juyayye ne, fuska fara fat, farar hula baƙa ƙirin. Sai ya manna wannan a wani ɗan allo gaban gilashin, ya sake ɗaukarsa, a nan ne kamanninka na gaskiya za su bayyana. A ɗauraye a bokiti, a shanya, a datse da almakashi, ka biya ka tafi. Ba lantarki, ba filasha, rana ce jarinsa.

Wannan dogaro da rana shi ya koya wa masu hoton ƙauye abin da ake biyan kuɗi a koya a makaranta. Wani tsoho da ya yi sana'ar tun zamanin akwati ya bayyana mini ƙa'idojinsa a zauren gidansa. Da hantsi ake aiki ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwar hula ko rawani takan rufe idanu, mutum ya fito ba a ganin ƙwayar idonsa. In dole ta sa, a nemi inuwar bango inda haske ke shigowa daga gefe, a guji gindin dogon yaro, don hasken da ke ratsowa ta ganye yakan yi wa fuska dabbare-dabbare. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe rana, to ranar mai hoto ce, saboda haske ya yi laushi ko'ina. Babbar wahala ita ce farar riga a jikin baƙin mutum. In ka bi rigar, fuska ta nutse. In ka bi fuska, aikin allurar da ke wuyan rigar ya ɓace, alhali domin wannan aska takwas ɗin mutumin ya zo.

Na tambaye shi me ya sa a hotunan Sallah kowa ake ɗauka daga hula har takalmi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, mutum ba ya biyan kuɗin rabin jikinai. In ka yanke mishi ƙahwa, hoton naka na." Gaskiyarsa. Wanda ya ɗinka sabuwar riga ya sayi sabon takalmi yana son duka su shaida. Haka agogo, sai an ja hannun riga an fito da shi. Haka rediyo da keke, daga baya babur.

Tsarin zama kuwa ba mai hoto ke yanke shi ba, tarbiyya ce. Maigida a tsakiya bisa kujera, ƙannensa dama da hagu gwargwadon shekaru, samari a tsaye a baya, yara a tabarma. Mai hoto yakan ɗan rusuna ya daidaita gilashi da ƙirjin dattijo, don ba a duban babba daga sama. Zai ce, "Baba, a ɗan ɗaga haɓa. Madalla. Kada a motsa." Ba ya cewa a yi murmushi, don washe baki gaban jama'a ba girma ba ne. Yarinya in ta sunkuyar da kai ba ya matsa mata, kunya ado ce. Duk wanda ya iya karanta irin wannan hoto zai gaya maka wane ne babba, wa ke bin wa, wane ne baƙo, ba tare da an faɗa masa suna ko ɗaya ba.

Da fim ya yawaita, aka koma rataya kyamara a wuya, irin su Yashica, fim ɗaya hoto 36. Hoto mai kala ya bazu a shekarun 1980, shi kuma ba a iya wanke shi a ɗaki da kwano, sai an aika Sakkwato wurin masu inji. Mai hoto zai karɓi kafin alƙalami, ya jira fim ya cika, ya ba direban mota, bayan kwanaki ya bi gida gida yana rabawa a ambulan. Tunda kowane ɗauka kuɗi ne, ba a ɓarnar sa a kan wanda ba zai biya ba. Nan ne aka yi babban rashi. Muna da hotunan Sallah da ɗaurin aure da naɗin sarauta da saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai. Lokacin da Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji, ya zama Sarkin Musulmi a 1988, na farko daga zuriyar Buhari, hotonsa ya shiga shaguna da zauruka a ƙasar nan. Amma a duk gidajen da na duba ban ga maƙeri a bakin zuga ba, ban ga masaƙi ba, ban ga masunci yana jefa birgi a fadama ba, ban ga gayyar noma ba. Wasan kamun kifi na Argungu, da aka fara a 1934, ya samu masu hoto daga ko'ina a duniya. Masuntanmu da ke wannan aiki kowace safiya ba wanda ya waiwaye su. Matan aure kuma sun fi kowa ɓacewa, don mai hoto namiji ne, iyakarsa zaure. Akwai gidajen da hoton uwargida ɗaya tak ne, na fasfon Makka.

Amma tarihin bai ɓace duka ba, ya laɓe a gefe. Na koyi in ɗauke ido daga wanda ya biya kuɗi in dubi bayansa. Ga saurayi ya jingina da sabon keke, a bayansa kuwa ga katangar ƙasa da zanko da indararo na gidan da yanzu ya koma bulo. Ga amarya gaban jerenta, kwanukan da aka jera sun nuna abin da ake yayi a shekarar. Ga tawagar ɗaurin aure, can ƙarshen hoto wata yarinya mai tallar fura ta leƙo, da kitso da tsagar da yau ba a yi. Ga rumbu, ga jaki da mangala, ga fastar jam'iyya a bango wadda ke gaya maka ko zamanin Shagari ne. Mai hoto bai nufi ɗaya daga cikinsu ba. Da yana da iko ma da ya kore su.

A wasu wurare an samu waɗanda suka nufa da gangan. J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, don ya lura salo yana shuɗewa. Malick Sidibé ya bi samarin Bamako wuraren rawa da bakin kogi, har aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta Italiya a 2007. Philippe Koudjina ya yi irin wannan a Yamai. A Maiduguri, Fati Abubakar ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a lokacin da duniya ba ta san Borno da komai ba sai bom. Dukansu abu guda suka gane: abin da kowa ke gani kullum shi ne ba wanda ke ajiyewa.

Yau kusan kowane saurayi a tashar Tambuwal yana da kyamara a aljihu. Ita ma hukuma ta karɓe aikin fasfo, tun daga rajistar katin ɗan ƙasa ta 2003 zuwa ta zaɓe da ta layin waya da ta banki, duka da injinta take ɗaukar fuska. Masu shagon hoto da suka rage sun koma bidiyon biki da buga fasta. Hoto ya yi arha, ajiyarsa ta yi wuya. Hoton waya kamar hatsi ne a rumbun aro: ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shekaru sun tafi.

Ga yaran da ke tambayata yadda za su fara, abin da nake faɗa musu kaɗan ne. Littattafan Turawa suna yabon mai hoton da ke ɗauka ba a sani ba, irin Bafaranshen nan Cartier-Bresson. A nan wannan ba ya yi, balle yanzu da rashin tsaro ya sa mutanen ƙauye ke tsarguwa da duk baƙon da ya ɗaga waya. Yi sallama, gai da mutane, je wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa ka faɗi ɗan gidan wa kake. Zauna har a manta da kai, lokacin ne mahauci zai koma ga wuƙarsa, mai awo ya koma ga tiyarsa. Ɗauki wurin gaba ɗaya, sannan mutumin, sannan hannunsa a kan aiki, don hoto uku a jere sun fi ɗaya ba da labari. Bar abin da ke bayan mutum a hoton yadda yake, kada ka share shi da manhaja. 'Yan mata su ɗauki cikin gida, inda mai hoto bai taɓa shiga ba, da yardar masu gidan. Daga ƙarshe a zaɓi kaɗan a buga a takarda, a kai wa mai shi nasa, a juya bayan sauran a rubuta suna da gari da shekara, da boko ko da ajami. Mafi yawan tsofaffin hotunan da aka miƙo mini babu ko harafi a bayansu, kuma tsohuwar da ke iya cewa wannan wane ne, a gidaje da yawa ita kaɗai ta rage.