Tarkon Ƙuda: Tarihin Tsiron da Gata Ke Kashewa

A ranar 2 ga Afrilu, 1759, Arthur Dobbs, gwamnan da Ingila ta naɗa a Karolina ta Arewa, ya aika wa Peter Collinson wasiƙa. Collinson ɗan kasuwa ne a Landan, mai sha'awar tara tsirran ƙasashe masu nisa. Gwamnan ya ba shi labarin wani ɗan tsiro da ke fitowa a fadamun ƙasar da yake mulki, wanda ganyensa ke rufewa a kan duk abin da ya taɓa shi. Wannan wasiƙa ita ce bayani na farko da aka sani a rubuce game da tsiron da Turawa suka laƙaba wa suna tarkon ƙuda na Venus. Yau ana sayar da shi a shagunan furanni na ƙasashe da dama, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake saye ba sa daɗewa a hannun masu su. Dalilin haka yana cikin tarihinsa.

A duk faɗin duniya, wuri guda ne asalin wannan tsiro: wani yanki na gaɓar tekun Atlantika a Amurka, wanda bai wuce kimanin kilomita 120 daga birnin Wilmington ba, a jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu. Ƙasar wurin rairayi ce mai damshi da tsami, ruwan sama ya wanke kusan duk abincin da ke cikinta, musamman sinadarin naitirojin. Da tsiron ya rasa abinci a ƙasa, sai ya koma neman sa a jikin ƙwari. Sunan nasa ma akwai ruɗi a ciki, domin tururuwa da gizo-gizo da sauran ƙwari masu rarrafe su ne mafi yawan abincinsa a daji, ƙuda kaɗan ne.

Kai shi Turai da ransa ya ba da wuya. Tafiya ce ta makonni a jirgin ruwa, ga feshin ruwan gishiri, ga ƙarancin ruwan daɗi. Sai a 1768 wani mai tara tsirrai daga Filadelfiya, William Young, ya isa Ingila da wasu suna raye. A wannan shekarar John Ellis ya raɗa masa sunan kimiyya, Dionaea muscipula. Kalmar farko tana nuni ga Venus ta tatsuniyoyin Girka da Rum, ta biyu kuma tarkon ɓera take nufi da Latin. Ellis ya aika wa Carl Linnaeus na Suwidin, babban masanin tsirrai na zamanin, bayaninsa da zanensa, ya kuma nuna cewa mai yiwuwa tsiron abinci yake nema da wannan kamu. Linnaeus bai amince ba. A ganinsa, tsiro ya ci dabba abu ne da ya saɓa wa tsarin halitta. Ganyen yana motsi ne kawai kamar na tsiron nan mai jin kunya, kuma yana sakin ƙwaron da zarar ya daina mutsu-mutsu.

Girman sunan Linnaeus ya sa maganarsa ta daɗe tana tasiri. A 1834 Moses Ashley Curtis, wanda ya zauna a Wilmington yana ganin tsiron a mazauninsa, ya bayyana cewa 'yan gasun nan da ke cikin tarkon su ne ke jin taɓi, kuma ƙwaron da aka kama narkewa yake yi a cikin wani ruwa. A 1873 John Burdon-Sanderson ya auna motsin lantarki a cikin ganyen a lokacin da aka taɓa shi, irin wanda aka sani a jijiyoyin dabbobi. Sannan a 1875 Charles Darwin ya wallafa littafinsa kan tsirrai masu cin ƙwari, wanda ya kawo ƙarshen gardamar. Darwin ya lura da wata hikima: a rufewar farko, haƙoran tarkon suna barin 'yan kafofi, ƙananan ƙwarin da ba su kai a wahala dominsu ba su sulale su fice.

Binciken zamaninmu ya ƙara fito da lissafin da ke cikin lamarin. A 2005 aka nuna cewa tarkon yana rufewa a cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ta hanyar juyewar ganyen daga kumburi waje zuwa lotsawa ciki. A 2016 masu bincike a Jami'ar Würzburg ta Jamus, ƙarƙashin Rainer Hedrich, suka nuna cewa tsiron yana ƙirga taɓi. Taɓi ɗaya ba ya sa shi motsi, domin yana iya zama ɗigon ruwa. Taɓi na biyu cikin kimanin daƙiƙa 20 zuwa 30 shi ke rufe tarkon, kuma sai an kai wajen taɓi biyar kafin ruwan narkar da abinci ya kankama. Narkarwar tana ɗaukar kwana 5 zuwa 12. Kowane tarko 'yan lokuta kaɗan yake iya rufewa kafin ya yi baƙi ya mutu, shi ya sa tsokanar sa da yatsa don nishaɗi ɓarnar ƙarfinsa ce.

Wanda ya riƙe wannan tarihi zai ga cewa ƙa'idojin renon tsiron a gida ba su da wani sirri. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma tukunyar da aka shuka shi dole ta zama kwaikwayon fadamar Karolina. Irin nasa ƙanana ne, baƙaƙe masu sheƙi, ba su kai ƙwayar riɗi ba. A daji suna nuna a farkon lokacin zafi, su zuba su tsira ba da jimawa ba, don haka sabon iri ake so, tsoho ba ya yawan fitowa. Ba a binne shi. Ana barbaɗa shi ne a saman ƙasa mai damshi, wadda aka haɗa da ruɓaɓɓen gansakukan fadama da ake kira pit da wankakken yashi, a tukunyar roba, a wuri mai ɗumi da haske sosai. Cikin mako 2 zuwa 5 yakan fara tsirowa, kuma ganyen da ke biyo bayan na farko suna fitowa da tarkunansu, ƙanana kamar kan allura.

A nan ne gata ke yin kisa. Saiwar da ta saba da ƙasa marar abinci ba ta jure taki, na zamani ko na gargajiya. Ƙonewa take yi. Haka ma ruwan famfo da na rijiya da na burtsatse, waɗanda galibi ke ɗauke da gishirin ƙasa da ke taruwa a tukunya sannu a hankali. Ruwan sama ake ba shi, ko wanda aka tace ta hanyar tururi, a zuba a faranti a ɗora tukunyar a kai, ƙasar ta riƙa tsotsa daga ƙasa. Nama da sauran abincin mutane ruɓar da tarkon suke yi. Ɗan tsiro yana rayuwa da hasken rana kamar kowane tsiro, ƙwaro ƙari ne a kai.

Saura sanyi. Karolina tana da hunturu na gaske, kuma tsiron da ya fara girma yana bukatar barcin wata 3 zuwa 4 a sanyin da bai haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ba. A lokacin ganyensa kan yi baƙi, har mai shi ya zaci ya mutu ya zubar da shi, alhali gindinsa na nan da rai a cikin ƙasa. Hunturunmu ba ya ba da irin wannan sanyi dare da rana, ga kuma bushewar iska, shi ya sa masu renon sa a ƙasashe masu zafi sukan sa shi a firji na waɗannan watanni. Daga iri zuwa cikakken tsiro mai fure, shekara 3 zuwa 5 ce.

Me zai sa mutum ya ɗauki wannan doguwar hanya? Amsar tana can gidan tsiron. Fadamun Karolina da wuta suke rayuwa: gobarar daji da tsawa ke tayarwa duk bayan 'yan shekaru ita ke share ciyayi da ƙananan itatuwan da za su yi masa inuwa, shi kuwa ya sake tohowa daga gindi. A ƙarni na 20 aka dage wajen hana gobarar daji, aka janye ruwan fadamu don gonakin katako da gidaje, sai mazauninsa ya yi ta ƙanƙancewa. Ga kuma masu haƙe shi a ɓoye suna sayarwa. A 1992 aka sa shi cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma daga ranar 1 ga Disamba, 2014, haƙe shi daga daji ba da izini ba ya zama babban laifi a Karolina ta Arewa. A wurare irin su gandun Green Swamp, yanzu da gangan ake cinna wuta bisa tsari domin tsiron ya samu rana.

Mafi yawan waɗanda ke kasuwa a yau a ɗakunan gwaje-gwaje ake hayayyafa su, daga ɗan yankin tsiro da ake reno a cikin kwalba. Wannan hanya da shuka iri a gida su ne suka raba sha'awar mutane da ɓarnar daji. Duk tsiron da ya tashi daga iri a bakin tagar wani, ba daga fadama aka tumɓuke shi ba. Abin da yake nema a wurin mai shi kaɗan ne: rana, ruwan sama, ƙasa marar taki, sanyi a lokacinsa, da haƙurin shekaru.